Wa Ke Kaɗa Gita ta Biyu?

A hutun da ya wuce na koma gida Anu Araren. Ga wanda bai san garin ba, yana arewa da Agadas, dab da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke haƙar gawayin ƙasa yana ƙonawa yana ba da wutar lantarki. Wani dare muna zaune a fada, mu bakwai, an sauke shayi na biyu, sai wani ya kunna “Afrique Victime” ta Mdou Moctar a salularsa. Da waƙar ta kai wurin da kiɗan ke ƙara gudu kamar mota ta gangaro daga tudu babu birki, sai mai salular ya buga cinya ya ce, “Kai! Wannan ai shi ne Hendrix ɗin Sahara.”

Na ce masa, “Wace waƙar Hendrix ka taɓa ji?”

Ya yi dariya ya ce, “To malam ɗan jami'a, an fara ke nan. Ban taɓa ji ba, haka dai ake faɗi.”

Sai na sake tambaya, wannan karon ga kowa da kowa: wa ke kaɗa gita ta biyu, wadda ke ƙarƙashi, wadda ba ta tsayawa tun daga farko har ƙarshe? Shiru. Kuma kada in yi muku ƙarya, ni ma da na yi tambayar ban sani ba. Sai da na dawo Yamai na bincika, na samu amsar a wata jaridar Amurka, cikin Turancin Ingilishi. Sunansa Ahmoudou Madassane. Mutumin da ke kaɗa kiɗan yankinmu, sai da na bi ta hannun baƙo kafin in san sunansa. Wannan kunyar ce ta sa na ɗauki biro.

Abin da nake son faɗi a taƙaice shi ne: kiɗan Mdou Moctar aikin hannuwa da yawa ne, amma labarin da aka rubuta a kansa labarin mutum ɗaya ne, kuma ba mu muka rubuta shi ba. Yanzu kuma waɗanda suka rubuta ɗin, rumfarsu na rushewa.

Daga Sakkwato aka faro

Mu koma baya kaɗan. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan ne a jihar Tawa, bahago ne, kuma an sha ba da labarin yadda ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a son kiɗa. Wannan labarin kowace jarida ta maimaita shi, har ya gaji. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne inda ya ɗauki kundinsa na farko, “Anar”, a 2008. A Sakkwato ne, a situdiyon Hausawa, da irin kayan aikin da ake yin waƙoƙin finafinan Hausa da su: gangar kwamfuta, da Auto-Tune ɗin nan da ke sa murya ta riƙa karyewa tana ƙyalli kamar ta fito daga cikin kwalba.

Ku tsaya ku yi tunani. Kafin lokacin, gitar Abzinawa tana da hanyarta da aka sani, hanyar su Tinariwen da Abdallah Oumbadougou: murya ta gaskiya, tafi, waƙar gudun hijira da tawaye da kewar gida. Sai ga wani yaro ya ɗauki waƙar Tamajak ya sa mata rigar Kano. A ganina nan ne babban gwajin da Mdou ya taɓa yi, ya fi duk wani gudun yatsa da ya zo daga baya. Amma gwajin nan ba a kansa kaɗai ya fito ba. Akwai wanda ya zauna gaban kwamfuta a situdiyon, wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin fim, ya san yadda ake murɗa murya. Akwai kasuwar da ta riga ta koya wa matasan Tawa da Agadas son wannan sauti. Mu da muka tashi muna jin su Nazifi Asnanic da Ali Jita da Nura M. Inuwa a kowane shagon caji, da mun ji “Anar” mun san danginta. Ɗan jaridar da ya zo daga Landan ko New York, shi a kunnensa abin mamaki ne kawai daga hamada.

Bayan haka waƙoƙin suka yi tafiya ba tare da mai su ba, daga salula zuwa salula ta Bulutut da katin memori, a tasha, a cikin manyan motoci, a fada irin tamu. Har suka kai Kidal a Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi, ya fitar da su a 2011 a kamfaninsa Sahel Sounds da sunan “Music from Saharan Cellphones”. Waƙar Mdou mai suna “Tahoultine” na ciki. Wato kafin wani kamfani ya san da shi, direbobi da ƴan kamasho da ƴan mata masu tura wa juna waƙa sun riga sun yi masa aikin rarrabawa kyauta. Su ma hannu ne.

Ƴan amshi

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana sabon abu ba. Mun san Mamman Shata da kalangai da ƴan amshi. Cire ƴan amshi ka ji abin da zai rage. Kalmar “amshi” kanta tana koya mana cewa waƙa magana ce tsakanin mutane, wani ya jefa wani ya cafe.

Ga wata hanya mai sauƙi ta gwada abin da nake faɗi. Ku saurari “Sousoume Tamachek” na 2017, kundin da Mdou ya kaɗa kayan da kansa shi kaɗai. Yana da daɗi, yana da sanyi, irin na hira bayan isha'i. Sannan ku saurari “Ilana” na 2019, wanda aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, ko “Afrique Victime” na 2021 da kamfanin Matador ya fitar. Wutar nan da ake cewa ta Hendrix, a na biyun take. Mutum ɗaya ne, yatsu ɗaya ne. Me ya canza? Mutanen da ke bayansa.

Ahmoudou Madassane yana riƙe da gita ta biyu, yana maimaita abu ɗaya ba gajiya, kamar mai daka. Saboda ya riƙe ƙasa ne Mdou ke samun damar tashi sama ya yi yawo ya dawo ya tarar da gida a inda ya bar shi. Souleymane Ibrahim, mai bateri, shi ke ƙara wa kiɗan gudu a hankali har mai rawa bai san lokacin da ya fara haki ba. Wanda ya taɓa tsayawa a filin biki a Agadas, ƙura na tashi, janareto na kuka, lasifika na neman fashewa, ya san wannan dabarar ba daga Amurka ta zo ba. Ta makaɗan biki ce, irin su Etran de L'Aïr da suka shekara da shekaru suna yi a unguwanni. Na huɗunsu Mikey Coltun, Ba'amurke, shi ke kaɗa bas kuma shi ke haɗa sautin kundayen. Shi ma a ba shi haƙƙinsa: yadda gangar ke dukan ƙirji a “Funeral for Justice” na 2024, akwai hannunsa a ciki.

Kuma hannuwan nan ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Ahmoudou ya yi aiki da Les Filles de Illighadad, ƙungiyar Fatou Seidi Ghali, waɗanda suka ɗauko tende, kiɗan turmi na mata, suka haɗa shi da gita. Shi ne kuma ya yi kiɗan fim ɗin “Zerzura” na 2017. A 2022 an ba matasan makaɗan kwamfuta na ƙasashen Afirka waƙoƙin “Afrique Victime” suka warware su suka sake ɗinkawa, aka kira kundin “Afrique Refait”. In kana neman tasirin Mdou, a nan za ka same shi, a ƙofofin da suka buɗe wa na kusa da shi da na nesa.

Tunda sharhi nake yi ba kirari ba, bari in faɗi inda ban gamsu ba. A wasu waƙoƙin “Funeral for Justice” ƙarar ta yi yawa har ta danne magana. Ga waƙa irin “Imouhar”, wadda ke kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace, amma gita ta cika wurin har wanda ke jin harshen sai ya kasa kunne da kyau kafin ya tsinci kalmomin. Na kunna wa wani abokina Ba'abzine ita, sai da muka mayar sau uku. Waƙar da ke kukan mutuwar harshe, a ce harshen ne aka tura baya? Ina zargin kunnen masu sayen tikiti a Turai da Amurka ya fara jan kiɗan zuwa inda yake so, su da ba su jin ko kalma ɗaya.

Shi ya sa na fi son “Tears of Injustice” na 2025, inda suka sake kaɗa waƙoƙin nan da gitar katako. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same su suna Amurka, iyakoki suka rufe, suka kasa dawowa gida na wani lokaci. A wannan zaman jiran ne suka ɗauke shi a Brooklyn. Bayan sun dawo, Ahmoudou ya ɗauki muryoyin wasu Abzinawa suna amshi, aka haɗa a ciki. Ka ga an koma ga ƴan amshi. A nan kalma ta samu wurin zama, kuma kewar gida ta fito ba tare da an yi ihu ba. Wani zai ce na yi kuskure. Madalla, ya rubuto. Abin da muka rasa ke nan.

Ruwan sama mai launin me?

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, akwai wani labari da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 2015 Kirkley da Mdou suka fitar da fim a Agadas, “Akounak Tedalat Taha Tazoughai”, wanda aka gina a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince mai suna “Purple Rain”. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Jaridun waje suka yi ta yayata cewa an sa masa wannan dogon suna ne don wai Tamajak ba shi da kalmar wannan launi. Kusan duk wanda ya yi rubutu a kan fim ɗin sai ya faɗi haka, kamar wani abin al'ajabi.

To mene ne abin mamaki a nan? Mu ma muna cewa ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙwai, ruwan hoda, ruwan ƙasa. Ba mu rasa ido ba, hanyar da harshenmu ya zaɓa ke nan. Tun 1969 Berlin da Kay suka nuna cewa harsunan duniya sun bambanta wajen yawan kalmomin launi na asali, kuma wannan ba ya nufin wani harshe ya gaza. Mutanen da suka san baƙin rawani mai ƙyalli na turkuɗi, wanda ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano a kai musu har Abzin, yana zuba a fata, su za a ce ba su san launi tsakanin shuɗi da ja ba? Da a ce akwai mai sharhi ɗaya a Agadas da ke da shafi a jarida, da cikin layi uku ya kashe wannan magana. Babu shi, sai maganar ta zama ita ce abin da duniya ta sani game da harshen maƙwabtanmu.

Haka “Hendrix ɗin Sahara” take. An taɓa liƙa wa Bombino irin wannan laƙabi kafin Mdou. Duk Ba'abzinen da ya iya gita sai a nemo masa wa a Amurka. Ba na cewa da mugunta ake yi, mai rubutu yana neman abin da mai karatunsa ya sani ne. Matsalar ita ce laƙabin ya yi tafiya ya dawo mana, har ga shi a bakin abokina a fada, wanda ya san kiɗan biki tun yana goye amma yake aron bakin wanda bai taɓa shaƙar ƙurar filin ba.

Rumfar aro ma ta fara yoyo

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: waɗannan jaridun na waje su suka adana mana abin da muke da shi. Su suka yi hira da makaɗan, suka rubuta sunaye da shekaru. Ba don su ba, da ban samu sunan Ahmoudou ba. To ga halin da suke ciki. Mujallar fRoots ta Ingila, wadda ta daɗe tana rubutu kan kiɗan Afirka, ta tsaya a 2019. Mujallar Q ta rufe a 2020. A 2023 aka sayar da Bandcamp, inda Sahel Sounds da ire-irensa ke sayar da kiɗa, kuma kusan rabin ma'aikatansa suka rasa aiki. A Janairun 2024 kamfanin Condé Nast ya tura Pitchfork ƙarƙashin GQ, mujallar kwalliyar maza, aka sallami ma'aikata da dama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin talla sun koma Google da Facebook, kuma mai sauraro ya daina jiran wani ya gaya masa abin da zai ji, Spotify da YouTube da TikTok na zaɓa masa. Ita kuwa na'ura ba ta tambayar wa ya kaɗa gita ta biyu. Suna ɗaya take nunawa da hoto ɗaya.

In an rage ma'aikata, abin da ake fara yankewa shi ne na nesa. Wanda zai rubuta kan mawaƙin da ya cika filin ƙwallo a Amurka ba zai rasa aiki ba. Wanda zai kwashe mako yana neman lambar wani makaɗin biki a Agadas, shi ne zai tafi.

A gida fa? Muna da ƴan jarida masu ƙarfin hali. Ibrahim Manzo Diallo ya kafa Aïr Info a Agadas a 2002, an tsare shi a 2007 lokacin tawaye, an kuma rufe gidan rediyon Sahara FM a 2008. Wanda ke fama da labarin tsaro da ƴan ci-rani da yuraniyom, yana kuma kallon ƙofar kurkuku, ba zan zarge shi don bai ware shafin kiɗa ba. A ɓangaren Hausa akwai mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, wadda ta nuna ana iya rubutu mai ma'ana kan nishaɗi da harshenmu, amma ita idonta na kan Kano da Kaduna. Akwai aikin malamai irin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan waƙar baka, sai dai yana cikin ɗakunan karatu, kuma bai zo kan gitar lantarki ba. Abin da ya cike gurbin shi ne shafukan Facebook da ke sa hoto su rubuta “gwani na gwanaye”. Wannan aikin sanƙira ne. Sanƙira na da amfaninsa a fagen kiɗa, amma ba shi zai ce maka waƙar nan ta fi waccan ba, kuma ga dalili.

Ga wani abu da ke ƙara mini nauyin wannan magana. Mdou ya sha faɗi a hirarraki cewa ana kwasar yuraniyom ɗin Nijar alhali yawancin mutanenta na cikin duhu. Mu a Anu Araren wannan magana a ƙofar gidanmu take, don wutar da ake yi a garinmu ita ke tafiyar da ma'adinan Arlit. Mun fi kowa damar auna maganarsa, mu ce nan ya yi daidai, nan ya sauƙaƙa abin da ya fi haka wuya. Amma muhawarar ana yin ta ne da Ingilishi, tsakanin mutanen da ba su san inda garin yake ba.

To sai me?

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a fada: “Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu mutanen baka ne, a ji a yi rawa, me ya kawo takarda?” Amsata ita ce Abdallah Oumbadougou. A shekarun 1990 kasakasansa sun yi yawo a ɓoye hannu zuwa hannu, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Shi ne Mdou ya gani yana kaɗawa har ya yi sha'awar gita. Ya rasu a 2020. Ku tambayi ƙannenku ƴan lise su waye suka kaɗa tare da shi. Kaset ya mutu, katin memori yana lalacewa, salula tana faɗawa ruwa. Baka tana riƙe waƙa, amma sunan na baya shi take fara yarwa.

Ba na kiran a kafa mujalla mai sheƙi, ba mu da kuɗinta. Abin da ke hannunku yanzu, takardu ne da aka buga a fotokopi aka ɗinke da ƙusa biyu, kuma ya isa a fara. Kowannenmu zai je hutu. Akwai biki a Cirozerin, a Arlit, a Tawa, a Damagaram. In an tashi, ka je wurin mai gita ta biyu da mai bateri, ka gaishe su, ka tambayi sunansu da izininsu, wa ya koya musu, a ina suka sayi lasifika, nawa ake biyansu, yaya suke rabawa. Ka rubuta kalmomin da suke amfani da su a bakin aiki, na Tamajak da na Hausa da na Faransanci irin su solo da ritmik, don ƙamus ɗin sharhinmu daga bakinsu zai fito. In ba ka jin Tamajak sosai, kamar ni, ka ja abokinka mai ji ku rubuta tare, ku sa sunayenku biyu. In kiɗan bai yi ba, ka ce bai yi ba, cikin ladabi, ka kawo hujja.

Da zan dawo Yamai na sake bi ta fadar. Na ce wa mai salular, “Ka tuna tambayata? Zan nemo maka sunan.” Ya ce, “In ka samo ka rubuto mini a takarda, kaina ba ya riƙe suna.” To ga shi na rubuta, abokina: Ahmoudou Madassane. Saura na wanda ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato a 2008. Wanda duk hanya ta bi da shi can a cikinku, don Allah ya tambayo mana.